Igiyar da Na Ƙi Kwancewa

"Lamba sha bakwai, kwance igiyar."

Saje Tseng ne ya faɗa daga kan kwalekwalen ceto, da lasifika a bakinsa, duk da tsakaninmu bai fi taku goma ba. Na ɗago kaina daga ruwa, na tofar da gishirin da ya cika min baki, na ce, "Ba zan kwance ba, Yallaɓai."

Kafin ku ce min sannu jaruma, ku dakata tukuna. An faɗa min wannan kalmar har ta fita raina, kuma duk sanda na ji ta sai in ji kamar an fama min gyambo. Wannan ɓangaren na labarina shi na fi daɗewa ina kewaya shi, don babu inda zan ɓoye fuskata a cikinsa.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni: sunana Chiu Wan-ru, 'yar mai sayar da faten shinkafa da kifi a wata kasuwa a birnin Tainan. Na yi digirina a kan kimiyyar teku, na fito da sakamakon da Mama ta sa a gilashi ta rataye a saman tukunyar miya. Sai na shiga sojan ruwa. Da na shiga kuma ban zauna a ofishin da ake ajiye mata masu digiri ba, na sa hannu a takardar horon kwaɗi, mayaƙan nan da ake saukewa a tsakiyar teku su yi iyo su hau gaɓa ba a ji motsinsu ba. Mako goma ake yi. Mu arba'in da ɗaya muka fara. Ranar da nake ba ku labarinta, a makon ƙarshe, saura mu sha tara. Mata biyu ne a ciki, ni da Nakaw.

Kwaɗi ba sa shiga teku ɗaiɗai. Kowa yana da abokin igiya, mita biyu ce, a ƙugu ake ɗaura ta. Tare kuke ci, tare ake hukunta ku, idan ɗaya ya makara duka biyun za ku yi birgima a yashi. Da yake mu kaɗai ne mata, tun ranar farko Saje Tseng ya jefo mana igiya ɗaya. Kaguwa muke ce masa a bayan idonsa, saboda wani tsohon rauni ya sa yana tafiya a karkace. Ya ce ya ɗaura mana aure ke nan, kuma a wannan gidan ba a saki sai ɗaya ta gudu.

Nakaw 'yar ƙabilar Amis ce daga gaɓar gabas, gajera, mai faɗin kafaɗa, wadda ta iya iyo kafin ta iya tafiya. Farfesa take kirana, ni kuma in ce mata Kifi. Zan faɗi gaskiyarta: ba ta taɓa cutata ba. Idan muna ɗauke da kwalekwalen roba a ka muna gudu, wuyana ya fara sagewa, sai in ji nauyin ya ragu, na san ta miƙe a kan yatsun ƙafa ta karɓe min. Da mugunta gare ta da na samu sauƙi.

Sai Lekal.

Shekara biyu muna tare da shi ba wanda ya sani a sansani. Saje ne, kwaɗo ne tun kafin in san hanyar wurin, kuma shi ne mai duba lafiya a kwalekwalen ceto. Ana saura kwana uku a fara horo ya kai ni wani shagon taliya da naman sa a bayan tashar jirgin ƙasa, ya jira na gama ci, sannan ya ce daga ranar Litinin bai san ni ba har mako goma. Idan aka gane, za a ɗauke shi daga wurin, ni kuma ko na ci za a ce alfarma aka yi min. Na ɗaga kai na ce ai ni ma ba na buƙatar a san ni. Ban ɗauka zai iya cika alkawari har haka ba.

Kowace yamma muna jeruwa a gaban ɗakin magani ya duba mana ƙafafu. Idan ya zo kaina: lamba sha bakwai, ɗaga ƙafa. Ya shafa aidin, ya naɗa bandeji, na gaba. Na gaban kuwa Nakaw ce, don igiya ba ta barin in yi nisa. Garinsu ɗaya, katanga ɗaya ce ta raba gidajensu. Sai ya ce mata wani abu da yarensu, kalma uku ko huɗu, ta kwashe da dariya, shi kuma gefen bakinsa ya motsa. Ina tsaye a nesan mita biyu, igiya a ƙuguna, kamar akuyar da aka ɗaure a ƙofar gidan biki.

Ranar Lahadi ake ba mu wayoyinmu na awa ɗaya. Tawa kullum cike take da muryar Mama, saƙo shida, bakwai. Ta ga hotona, na yi baƙi kamar kifin da aka manta a wuta. Wace uwar miji ce za ta karɓi mace mai askin maza. Ɗan Madam Fang, injiniyan nan, ya sayi gida a bene mai lif, kuma ya sake tambayar lafiyata. Layar da ta karɓo min a haikali, tana fata ban cire ta ba. Na ƙarshe kullum gajere ne: A-Ru, kin ci abinci?

A Lahadin mako na shida muna kwance a gado ɗaya ni da Nakaw, ƙafafunmu a jingine da bango don kumburi ya sauka, tana nuna min hotunan bikin girbin garinsu na bara. Mata da jajayen kaya, maza da gashin tsuntsu a ka, an yi da'ira ana rawa. Sai ga Lekal, da jakar nan mai ado da samarinsu ke ratayawa a kafaɗa. A bayansa Nakaw, hannunta riƙe da maɗaurin jakar.

Ta wuce hoton da sauri. Amma na riga na gani, kuma na san ma'anarsa, don ni ce wadda ta karanta littafi uku a kan al'adun mutanensa saboda in burge mahaifiyarsa. A ranar ƙarshe ta bikin, budurwa takan ja jakar saurayin da take so ta jefa masa goron binlang a ciki. Idan ya tauna, ya karɓe ta. Kuma bikin nan ne Lekal ya ce ba zai je da ni ba, wai gari zai cika, babu wurin kwana.

Ban tambaye ta komai ba. Na juya na rubuta masa, yaya bikin bara? Minti arba'in ina kallon wayar. Ana daf da karɓe su amsa ta shigo: Ki riƙa shan ruwa da yawa. Ki yanke farce.

Kishi kumallon mata, in ji masu magana. Ni nawa bai samu hanyar fita ba. Mako huɗu ina haɗiye shi tare da shinkafa da ruwan teku, ina ɗaure da wadda ta jawo shi, ina jin numfashinta idan ta yi barci, ina ganin yadda take murza kunne idan an ambaci sunansa. Mace da digirinta, ta zauna tana kishin jaka.

Makon ƙarshe kwana shida ne, kuma barcin da ake bari mu yi a cikinsa gaba ɗaya bai kai na dare guda ba. A rana ta huɗu da hantsi aka kai mu can cikin teku aka zubar, aka ce mu iso gaɓa kafin lokaci ya cika. Dokar a fili take. Wanda aka ɗaga aka sa a kwalekwale ya fita daga horo. Abokin igiyarsa ya kwance ya bi wasu biyun ya zama na uku.

Na san ƙafar Nakaw ba lafiya. Kwana biyu kafin nan dutse ya yanke ta a ƙauri, ta ɓoye, wurin ya kumbura ya yi ja. Ta roƙe ni kada in faɗa, ban faɗa ba. Saura kamar mita ɗari bakwai, har ina hango tutar gaɓa, sai na ji igiya ta fizge ni ta baya. Na waiwaya. Jijiyar ƙafar ta murɗe, tana ta dukan ruwa da hannu, taguwar ruwa ta rufe ta ta buɗe, ta sha, ta sake sha.

Kwalekwalen ya iso. A gabansa Lekal ne durƙushe, ya riga ya tuɓe riga, ya miƙo hannuwa biyu. Yana kiranta da yarensu, da wani suna da ban taɓa ji ba, da wata murya da na sani sarai, wadda na ɗauka ni kaɗai aka taɓa yi wa ita. A bayansa ga bargo a ninke.

A wannan ƙiftawar na ga komai. Zai ɗaga ta. Zai naɗe ta a bargon, ta kwantar da kai a ƙirjinsa, ya riƙa murza mata hannu. Ni kuma in kwance, in bi bayan wasu ƙarti biyu, ina waiwaye. Kwana biyun da suka rage ina ja da ciki a kan duwatsu, su suna ɗakin magani, shi yana ba ta miya a cokali, suna magana da yaren da ba na ji.

Shi ya sa na ce ba zan kwance ba. Babu wani dalili bayan wannan.

Sau uku Saje Tseng ya maimaita. A na ukun ya sauke lasifikar ya tambaya ko ruwa ne ya toshe min kunne. Na juya Nakaw rigingine, na sa hannun dama ta ƙarƙashin hammatarta na rungume ƙirjinta, na fara ja da hannu ɗaya da ƙafafu. Lekal ya miƙe zai faɗo, Saje ya damƙe masa dantse, domin Nakaw ta ɗaga dunƙulallen hannu ta ɗora a ka, alamarmu ta cewa ina cikin hayyacina, kada a taɓa ni. Haka suka biyo mu a hankali, injin yana gurnani a gefen kunnena, Saje yana duban agogo.

Ban san yadda zan kwatanta muku mita ɗari bakwai ɗin nan ba. Na san dai saura kaɗan na ji wani abu ya ɓalle a kafaɗata ta dama, ƙas, kamar an karya ɗanyen kara, hannun ya mutu amma bai sake ta ba, don ya riga ya ƙage. Gwiwata ta taɓa yashi saura minti biyu.

Da yamma aka kai ni gaban Kwamanda, hannuna a rataye. Saje Tseng na tsaye a gefe yana kallon silin. Shi ya fara magana, ya ce iska ta yi ƙarfi yau, ga ƙarar inji, ga taguwa, mai yiwuwa ɗalibar ba ta ji umarni ba. Kaguwa da kansa, wanda bai taɓa yi min kallon mutum ba, ya buɗe min ƙofa ya riƙe.

Kwamanda ya dube ni. "Kin ji ko ba ki ji ba?"

"Na ji, Yallaɓai. Sau uku."

Kuna iya cewa wauta ce. Amma na riga na ɓoye dalilina, kuma na ga idan na ɗora ƙarya a kansa ba abin da zai rage min da zan kira nawa. Kwamanda bai ɗaga murya ba. Ya ce a cikin ruwa ƙin bin umarni shi ke kashe mutane, kuma da yarinyar ta mutu a hannuna shi ne zai je garinsu ya tsaya gaban uwarta. Ya ce in miƙa hulata mai lamba, na fita daga horo. Nakaw kuwa ta taɓa yashi a kan lokaci, likita ya tsaga ƙafar ya wanke ya ce za ta iya ci gaba.

Lekal ne ya sake ɗaure min hannun. Karon farko ke nan da muka kasance mu biyu a ɗaki cikin mako tara da kwana huɗu. Yana naɗa bandeji bai dube ni ba.

"Leɓenta ya yi shuɗi, Wan-ru. Na gani, ke ma kin gani."

"Ai na kawo ta."

"Ba don ita kika kawo ta ba."

Na ce to shi ya gaya min, goron da ta sa masa a jaka, ya tauna ko bai tauna ba. Ya ƙulle bandejin a bayan wuyana, ya gwada da yatsa ko ya matse, ya wanke hannu ya fita.

Bayan kwana biyu aka yi Hanyar Aljanna. Mita hamsin ce ta duwatsun teku masu kaifi, ɗalibi zai bi ta da ciki da gwiwa da birgima, malamai na watsa masa ruwan gishiri, iyaye na tsaye a gefe suna kallo. Wanda ya kai ƙarshe ya zama kwaɗo. An riga an aika wa Mama takardar gayyata tun kafin abin ya faru, ni kuma na kasa kiranta. Sai ga ta da safe da rigarta mai furanni ta zuwa biki, da tukunyar fate a naɗe cikin tawul. Wanda ya tuƙo ta, yana biye da ita da lema, farar riga a goge, ɗan Madam Fang ne.

Mama ta dubi hannuna, ta dubi kayan gida da ke jikina. Na shirya wa faɗa. Ba ta yi ba. Ta gyara min wuyan riga ta ce, "To, an gama ke nan ko?" Sauƙin da na gani a fuskarta ya fi faɗan ciwo.

Na tsaya cikin iyaye na kalla. Matan garin su Nakaw sun zo mota guda, mahaifiyar Lekal a gaba, suna waƙa da tafi. Nakaw ta hau duwatsun da ƙafarta a naɗe. Sau biyu Saje ya mayar da ita baya don ba ta yi birgimar daidai ba. Lekal yana tafe a gefenta da jakar magani, taku bayan taku. Na ƙirga duwatsun da ta wuce kamar ni ce a kai, ina so ta kai, ina so ta faɗi, duka a numfashi ɗaya.

A ƙarshen hanya akan tambayi kowa wa yake gode wa, ya faɗa da ƙarfi. Maza suka yi ta kiran iyayensu mata. Nakaw ta miƙe, jini na bin ƙaurinta, ta ce, "Lamba sha bakwai."

Wuri ya ɗauki tafi. Aka juyo ana nuna ni. Wata mata a bayana ta ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Mahaifiyar Lekal, wadda na yi shekara biyu ina shirya gaisuwar da zan yi mata da yarensu, ta zo ta kama hannuna mai lafiya da nata biyu, tana hawaye, ta gode min da na ceto musu 'yarsu. Ba ta san ko ni wace ce a wurin ɗanta ba.

Da taro ya fara watsewa Nakaw ta ɗingiso ta same ni a inuwar wata bishiya, sabon bajo a ƙirjinta. Ta miƙo min igiyarmu a naɗe, har yanzu da danshi.

"Farfesa, kin san kina magana idan kina iyo?"

Na karɓi igiyar da hannun hagu.

"Duk bugun hannu sai kin ce, ba zai taɓa ki ba. Mita ɗari bakwai, a cikin kunnena."

Na tambaye ta tun yaushe ta sani. Ta ce tun mako na biyu. Idan Lekal zai shafa wa kowa aidin, ciwon yake kallo, ni kaɗai ce idan ya zo kaina yake kallon bango. Na ce to me ya sa ta ɗaga hannu ta ce kada a taɓa ta, alhali tana shan ruwa.

"Bajon nake so, ba bargo ba. Kuma na san ba za ki sake ni ba." Ta ɗan yi murmushi. "Da ƙaunata kike yi, da kin kwance."

Ta juya za ta tafi, sai ta tsaya. Ta ce goron nan, gara in ji daga bakinta. Ta sa masa. Bai tauna ba. Amma bai mayar mata ba.

Yau kwana ashirin da uku ke nan. Ina rubuta muku wannan da hannun hagu, a ɗakina na yarinta a saman shagon Mama, ƙamshin citta da kifi na hawowa ta tsakanin katako. An yi min aiki a kafaɗa. Likita ya ce wata takwas kafin in shiga ruwa, kuma bai yi min alkawarin zan sake ɗaga kwalekwale sama da kaina ba. A takarduna an rubuta cewa na ƙi bin umarni, kuma rubutun zai bi ni duk inda aka tura ni. Mama ta gayyaci ɗan Madam Fang cin abinci ranar Lahadi, ta fito da kwanukan baƙi. Saƙon Lekal na ƙarshe a wayata har yanzu shi ne in yanke farce. Igiyar tana rataye a ƙusa kusa da taga, ban san me ya hana ni jefar da ita ba.

Jiya aka raba sababbin kwaɗi zuwa rukunoni. An tura Nakaw rukunin Lekal, kuma da yake abokin igiyarsa ya yi ritaya, su biyun aka haɗa. Da na kwance ranar nan, da kwana biyu za ta yi a hannunsa ta koma gida. Yanzu kowace safiya mita biyu ce tsakaninsu, kuma ni na jawo ta da kafaɗata na kai masa.